Gudumar Thor Da Idon Odin: Abin Da Fina-finai Ba Su Nuna Wa 'Ya'yanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar ya yi mana nisa, alhali kuwa ya riga ya shigo gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu. Ina nufin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā, wato kakannin mutanen Norwe da Suwidin da Danmak da Ayislan, waɗanda aka fi sani da Vikin, tare da alamomin da suka bari a duniya. A yau da wuya a sami saurayi mai kallon fina-finan Amurka ko mai wasannin kwamfuta wanda bai san Thor da gudumarsa ba, ko bai ji sunan Odin da Loki ba. Abin da ke damuna shi ne, abin da ya iso gare su ɓawo ne kawai: ƙaton mutum mai tsoka, da walƙiya, da nasara a ƙarshen kowane faɗa. Wanda ya koma ga asalin labaran zai tarar da cewa masu su sun siffanta allolinsu da naƙasa da rashi, kuma sun yi hakan da gangan, domin a nan ne duk ma'anar take.

Ya kamata a fara sanin ta inda labaran suka iso mana. Mutanen da suka bauta wa waɗannan alloli ba su rubuta littattafai ba. Suna da haruffansu da ake kira run, amma gajerun kalmomi suke sassaƙawa da su a jikin dutse da itace da ƙashi. Mafi yawan abin da aka sani a yau ya fito ne daga littattafai biyu da aka rubuta a tsibirin Ayislan fiye da shekara 200 bayan mutanen tsibirin sun karɓi addinin Kirista a wajen shekara ta 1000. Na farko tarin tsofaffin waƙoƙi ne da ba a san mawaƙansu ba, wanda aka kwafa a kan fata a wajen 1270, aka kai shi ga sarkin Danmak a 1662, bai kuma koma Ayislan ba sai a 1971. Na biyu kuwa wani shugaba kuma mawaƙi mai suna Snorri Sturluson ne ya rubuta shi a wajen 1220. Dukansu biyun ana kiran su Edda. Snorri Kirista ne, kuma a gabatarwar littafinsa ya bayyana cewa waɗannan alloli mutane ne da suka yi ƙaura daga gabas, sannan jama'a suka ɗaukaka su har suka bauta musu. Dalilinsa na rubutawa shi ne ya ga matasan mawaƙa sun fara kasa fahimtar tsohuwar waƙa, domin salon waƙar ya ginu ne a kan sakaya sunan abu: mawaƙi ba zai ce zinariya ba, sai ya ce hawayen Freyja ko gashin Sif, ba zai ce waƙa ba, sai ya ce jinin Kvasir. Duk Bahaushen da ya san kirari zai gane wannan da sauri, domin shi ma kirari ba ya buɗuwa sai ga wanda ya san labarin da ke bayansa.

A tsakiyar duniyarsu akwai bishiya guda mai suna Yggdrasil, wadda rassanta suka lulluɓe sammai, saiwoyinta uku kuma suka nutsa wurare uku dabam-dabam. Al'ummomi da yawa suna da irin wannan bishiya a tatsuniyoyinsu, amma abin da ya bambanta ta waɗannan mutane shi ne ba ta da lafiya. A ƙarƙashinta wani maciji mai suna Nidhogg yana gaigayar saiwa ba dare ba rana, a rassanta bareyi huɗu suna cinye tohon ganye, gefen jikinta kuma yana ruɓewa. A ƙololuwarta gaggafa ce ke zaune da shaho a tsakanin idanunta, sannan wani kurege mai suna Ratatosk yana hawa yana sauka, yana kai gulma da zagi tsakanin gaggafar da macijin. Abin da ya hana bishiyar faɗuwa shi ne wasu mata uku, Urd da Verdandi da Skuld, masu yanke wa kowane mutum rabonsa, waɗanda kullum suke ɗebo ruwa da farin taɓo daga rijiya suna yayyafa mata don kada ta bushe. A ganina babu wata siffa a cikin wannan adabi da ta kai wannan zurfi, domin ta nuna duniya a matsayin abu mai rai wanda ake ci ta sama ana ci ta ƙasa, wanda kuma bai tsaya ba sai da aikin kullum na wasu masu kula da shi. Mutanen da ke zaune inda hunturu yake cinye rabin shekara, inda rashin tanadin ciyawa na wata guda ke iya kashe garke, ba abin mamaki ba ne su ga duniya haka.

Sai kuma su allolin kansu. Odin, wanda shi ne babbansu, ido ɗaya gare shi, domin ya jinginar da ɗayan a rijiyar Mimir kafin a bar shi ya sha ruwan hikima. Bai tsaya nan ba, sai da ya rataye kansa a jikin bishiyar nan har dare tara, mashi ya soke shi, babu ci babu sha, kafin ya sami ilimin haruffan run. Yana da baƙaƙen hankaki biyu, Huginn da Muninn, waɗanda suke wakiltar tunani da tunawa. Kullum da safe sukan tashi su zaga duniya su dawo su raɗa masa abin da suka gani, kuma a ɗaya daga cikin waƙoƙin shi da bakinsa yake cewa yana tsoron kada na farkon ya ƙi dawowa, amma ya fi jin tsoro a kan na biyun. Wannan magana ce ta dattijo mai fargabar ranar da hankalinsa zai gushe, kuma an sa ta a bakin wanda ake kira uban alloli. Freyr, allan yabanya da albarkar gona, ya ba da takobinsa mai yaƙi da kansa saboda son wata mace, don haka ranar yaƙin ƙarshe zai fita babu shi.

Labarin Tyr ya fi ɗaukar hankalina. Alloli sun yi renon wani kyarkeci mai suna Fenrir, ɗan Loki, suka ga yana girma fiye da kima, ga kuma annabcin cewa shi ne ajalin Odin. Suka ɗaure shi da sarƙa sau biyu yana tsinkewa, sai suka sa wadanni, waɗanda su ne maƙeran wannan duniya, suka yi musu wata igiya mai laushi kamar alharini, wadda aka haɗa da abubuwan da babu su, irin su ƙarar takun kyanwa, da gemun mace, da saiwar dutse, da numfashin kifi, da yawun tsuntsu. Kyarkecin ya ga siririyar igiya ya zargi makirci, ya ce ba zai yarda a ɗaure shi ba sai ɗaya daga cikinsu ya sa hannu a bakinsa a matsayin jingina. Kowa ya yi shiru sai Tyr, wanda shi ne yake ciyar da dabbar tun tana ƙarama; ya miƙa hannunsa na dama yana sane da cewa alƙawarin da aka yi na ƙarya ne. Da igiya ta kama, Snorri ya ce kowa ya yi dariya ban da Tyr, domin ya rasa hannunsa. Allan da ake dangantawa da shari'a da rantsuwa ke nan, kuma hannun rantsuwar ne ya tafi. Masu labarin ba su ɓoye cewa zaman lafiyar allolinsu an saye shi ne da yaudara ba, ba su kuma ɓoye cewa akwai wanda ya biya kuɗin ba.

Ita kanta gudumar da fina-finai suka mayar da ita alamar ƙarfi marar iyaka, da aibu aka haife ta. Loki ya yi caca da kansa, wato ya yarda a sare masa kai idan ya faɗi, cewa wasu wadanni biyu 'yan'uwan juna ba za su iya ƙera abubuwa uku da suka kai waɗanda wasu maƙera suka riga suka yi ba. Ɗayan ya riƙa sa kayan ƙira a wuta, ya gargaɗi ɗan'uwansa Brokk cewa kada ya daina zuga ko da na ƙiftawar ido ne. Sai ga wani ƙuda, wanda akasarin masu sharhi suka ɗauka Loki ne ya rikiɗe, ya cije shi a hannu bai daina ba, ya cije shi a wuya bai daina ba, a karo na uku, lokacin da ake ƙera gudumar, ya cije shi a fatar ido har jini ya rufe masa gani, sai ya saki zugazugi ya kore shi. Wannan ɗan tsaikon ne ya sa ƙotar gudumar ta fito gajeriya. Duk da haka alloli suka yanke cewa ita ce mafi daraja a cikin kayan, Loki kuma ya tsira da kansa amma aka ɗinke masa baki. Aikin gudumar ma ya wuce fasa kan ƙatti. A wata waƙa ana ɗora ta a cinyar amarya don tsarkake aure, a wani labarin Thor yana ɗaga ta a kan ƙasusuwan awakinsa da aka yanka aka ci da dare, su tashi da rai da safe, kuma da ita ya tsarkake wutar da aka ƙona gawar Baldr, ɗan Odin. Saboda haka ga manomin wancan zamani alama ce ta tsari da albarka, shi ya sa ake ƙera ƙananan guduma na azurfa da baƙin ƙarfe ana ratayawa a wuya kamar laya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tono an same su ne a kaburburan mata. An daɗe ana gardama ko waɗannan layu guduma ce da gaske, sai a 2014 aka tsinci ɗaya a tsibirin Lolland na Danmak da rubutun run a jikinta yana cewa wannan guduma ce. A yankin Jutland kuma an sami wani dutse mai laushi da maƙeri ya fafe don zuba narkakken ƙarfe, da gurbin gicciye da gurbin guduma a jiki ɗaya, abin da ke nuna cewa a ƙarni na 10 maƙeri guda yana sayar wa masu tsohon addini da masu sabo a lokaci ɗaya.

Duk wannan naƙasa tana fuskantar rana guda ce, wadda suke kira Ragnarok. Farkon alamarta mutuwar Baldr, ɗan Odin, wanda mahaifiyarsa ta sa kowane abu a duniya ya rantse ba zai cuce shi ba, ta tsallake kauci kawai saboda ta raina ƙanƙantarsa, kuma da shi aka kashe shi. Daga nan sai hunturu uku a jere ba tare da lokacin ɗumi a tsakani ba, ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa, kyarketai su haɗiye rana da wata, wani jirgin ruwa da aka ƙera da faratan matattu ya kunce. Fenrir zai haɗiye Odin, ɗansa Vidar ya rama masa. Thor zai kashe macijin da ya kewaye duniya, ya yi taku tara ya faɗi saboda dafi. Wuta ta cinye sauran. Shi kansa zauren Valhalla, wanda aka yi wa rufi da garkuwoyi, mai ƙofofi 540, wanda matasanmu suke ɗauka aljannar mayaƙa ce, sansanin tara runduna ne domin wannan yaƙi, kuma mai tara rundunar ya san tun farko cewa ba zai ci ba. Wasu masana suna danganta hoton dogon hunturun nan da abin da ya faru a shekara ta 536, lokacin da ƙurar aman wutar dutse ta dushe hasken rana, sanyi ya kashe amfanin gona, aka kuma yi watsi da ƙauyuka da dama a arewacin Turai. Hasashe ne, amma hasashe mai tushe. Waƙoƙin Edda sun ce bayan haka ƙasa za ta sake fitowa daga teku koriya shar, mutum biyu da suka ɓuya a daji su sake cika duniya, sai dai masana suna da saɓani a kan ko wannan ɓangare tsoho ne ko kuwa tasirin addinin Kirista ne ya shiga ciki.

Mai karatu yana iya tambaya, tunda Kirista ne ya rubuta, yaya za a san bai ƙirƙira ba? Amsar tana jikin duwatsu. Snorri ya ba da labarin yadda Thor ya fita kamun kifi da kan bijimi a matsayin koto, macijin duniya ya haɗiyi ƙugiya, Thor ya ja da ƙarfi har ƙafarsa ta huda gindin jirgi. A Altuna ta ƙasar Suwidin akwai dutse da aka sassaƙa a ƙarni na 11, fiye da shekara ɗari kafin Snorri ya ɗauki alƙalami, da hoton mutum a jirgi riƙe da guduma, ƙafarsa ta ɓullo ta ƙasa. A Gosforth da ke arewacin Ingila akwai dogon gicciye na dutse na ƙarni na 10, wanda a jikinsa aka zana Loki a ɗaure, matarsa Sigyn tana tara ƙwarya don tare dafin macijin da ke ɗiga masa a fuska, tare da hoton gicciyewa irin na Kirista. A tsibirin Gotland kuma akwai duwatsu masu hoton doki mai ƙafa takwas, wanda shi ne dokin Odin. Irin waɗannan shaidu su ne ma'aunin da ake bambanta tsohon abu da ƙari.

Ƙarin kuwa yana da yawa, kuma shi ne ya fi yawo a intanet. Kwalkwali mai ƙaho da kowa ke gane Vikin da shi, ba a taɓa samun irinsa na yaƙi daga zamaninsu ba. Wanda aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ƙaho, kuma hoton ya yaɗu ne daga masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19, musamman wasan da aka yi a Bayreuth ta Jamus a 1876. Alamar nan mai rassa takwas da ake kira Vegvisir, wadda ake bugawa a riguna da sunan alamar nuna hanya ta Vikin, ta fito ne a wani rubutun hannu na Ayislan na 1860, ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsu ya wuce. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda 'yan Nazi suka sace wasu haruffan run suka mayar da su tambarin wariyar launin fata, kamar harafin nan mai kama da walƙiya da suka ninka biyu ya zama alamar rundunar SS, wanda har yau doka ta hana nuna shi a Jamus. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa saurayin da ya ɗauki riga a gwanjo ya san abin da ke bugawa a ƙirjinta, musamman idan yana da niyyar tafiya karatu waje. Akwai kuma alama ɗaya ta gaskiya da kowannenmu yake ɗauke da ita bai sani ba: tambarin Bluetooth da ke wayoyinmu haɗin haruffan run biyu ne, farkon sunan sarki Harald na Danmak da laƙabinsa, wanda ya kafa dutse a Jelling a wajen 965 yana shelar cewa shi ne ya mayar da mutanen Danmak Kiristoci.

Na san akwai waɗanda za su ce me ya haɗa Musulmi da labarin allolin wasu. Ina girmama wannan damuwa, domin ni ma ban kawo waɗannan labarai don a gaskata su ba. Amma ina tunatar da mu cewa ɗaya daga cikin muhimman shaidun gani da ido a kan al'adun waɗannan mutane malamin Musulunci ne. Ahmad ibn Fadlan, wanda halifa al-Muqtadir ya aika daga Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus a bakin kogin Volga a shekara ta 922, waɗanda mafi yawan masana suka yarda cewa asalinsu daga arewacin Turai ne. Ya siffanta tsawonsu da na dabino, ya ce jikinsu cike yake da zane-zanen bishiyoyi da wasu siffofi tun daga farce har wuya, ya ga yadda bafatake yake ajiye gurasa da nama da albasa da madara a gaban wani dogon gungume mai fuskar mutum yana roƙon kasuwa, ya kuma halarci jana'izar wani shugabansu da aka ƙone a cikin jirginsa. Abubuwa da yawa sun ba shi ƙyama kuma ya faɗa, amma ya tsaya ya duba, ya yi tambaya ta bakin tafinta, ya rubuta dalla-dalla, har ga shi yau jami'o'in Turai suna dogara da shi. Hulɗar ma ba ta kallo kaɗai ba ce, domin a 1999 an tono wata taska a Spillings da ke Gotland mai nauyin kilo 67 na azurfa, da tsabar kuɗi fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamomin ƙasashen Musulmi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona gare ka shi ne jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda malaman adabi da na tarihi za su riƙa kawo mana irin waɗannan labarai na al'ummomin duniya cikin Hausa, daga asalinsu, tare da bayanin wanda ya rubuta su da lokacin da ya rubuta da abin da aka ƙara daga baya. 'Ya'yanmu sun riga sun san sunayen, kuma za su ci gaba da jin su ko mun so ko ba mu so ba; abin da ba su da shi shi ne wanda zai gaya musu cewa mai gudumar nan ya mutu a ƙarshen labarinsa, kuma ubansa Odin ya sayi ilimi da idonsa. Ina kuma kira ga sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu da su duba yiwuwar fassara waɗannan waƙoƙi zuwa Hausa, ko da kaɗan daga cikinsu ne, a fara da wadda ta ba da labarin farkon duniya da ƙarshenta, tunda baitocinta ba su wuce sittin da 'yan kai ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya